Ƙarfen da Na Kai a Rage wa Tsawo

Inna ba mahaifiyata ba ce, ba mu kuma haɗa dangi ta ko'ina ba. Ungozomar layinmu ce a Gyaɗi-Gyaɗi. A asibiti na haifi 'ya'yana duka huɗu, amma ita ta yi musu wanka, ita ta gasa musu cibi, ita kuma ta tsaya a kaina kwana arba'in-arba'in ina wankan jego, tana yi mini faɗa in na ce ruwan ya yi zafi. Da wuya ka sami gida a layin nan da ba ta yi wa irin wannan hidimar ba.

Gajeriya ce ƙwarai, kanta bai wuce kafaɗata ba, ga ta da sauri kamar ana kiranta a wani wuri. Tana da wata sandar gora da ta zo da ita daga ƙauyensu. A shekarun da na fara saninta ba dogarawa take yi da ita ba, awaki take kora, ta kuma ƙwanƙwasa ƙofar gida. Sai daga baya, da gwiwoyinta suka fara ciwo, sandar ta koma aikinta na gaskiya.

A soron gidan wani Alhaji take zaune, ɗaki ɗaya da ya bar musu tun mijinta yana yi masa gadi. Mijin ya rasu, ɗansu ɗaya tilo shi ma ya rasu a hatsarin mota kafin ya yi aure. Da Alhajin ya cika, magada suka sayar da gidan, wanda ya saya kuma ya ce rushewa zai yi ya gina shaguna, kamar yadda ake ta yi a unguwar. Aka ba Inna wata biyu ta tashi.

Mu matan layi muka taru a gidan wata maƙwabciya don a san yadda za a yi da ita. Kowa ta kawo uzurinta. Ni nawa shi ne ɗaki biyu muke haya, ga yara huɗu, ga shi ina koyarwa a sakandare, tun ƙarfe bakwai nake fita. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma na tuna yadda na ji wani sanyi a raina lokacin da wata ta ce ta san wani ƙaramin gidan gajiyayyu a Darmanawa, wanda wata ƙungiyar mata ta buɗe. Ban ji daɗin wannan sanyin da na ji ba, har yau kuma ba na jin daɗin tuna shi.

Ni na raka ta a adaidaita sahu, da akwatinta na ƙarfe da tabarma da buta. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ce wa direban ya bi a hankali ta bakin kasuwar Tarauni, tana so ta ga ko mai daddawar da take saye a wurinta tana nan.

Gidan ba shi da laifi. Tsofaffi mata ne zalla, ba su wuce goma sha biyu ba, ga tsafta, ga abinci sau uku. Akwai Hajiyar da ke shugabantar wurin, da mata biyu masu hidima, da wata nas da kowa ke kira Sista. Kirista ce, iyayenta mutanen Kudu ne, amma a Kano aka haife ta, Hausar bakinta babu bambanci da tawa. Na ɗaukar wa kaina zuwa duk Asabar da safe.

A watan farko Inna ta faɗi sau biyu. An shimfiɗa tayil a ko'ina cikin gidan, sandar gora kuma ba ta kama tayil, zamewa take yi. Faɗuwa ta biyu ta fasa mata goshi. Sista ta karɓe sandar ta kulle a sito, ta ba ta ɗaya daga cikin ƙarafan dogarawa da wasu bayin Allah suka kawo sadaka, irin mai ƙafa huɗu ɗin nan da mutum yake shiga tsakiyarsa, ya riƙe hagu da dama, ya ɗaga ya ajiye a gaba sannan ya taka.

Ranar da na fara ganinta a cikinsa na daɗe a bakin ƙofa ban yi sallama ba. Tana tahowa daga ƙarshen baranda. Mariƙin ya kai mata kusan ƙirji, kafaɗunta sun ɗage har kunne, ba ta iya ɗaga shi sosai, sai dai ta ja. Robar ƙafafunsa biyu na baya ta cinye, saboda haka duk taku ɗaya sai ya yi wata ƙara a kan tayil wadda take sa haƙoran mutum su mutu. Matar da na sani tana ratsa layinmu kafin ka gama amsa gaisuwarta, ita ce ta ɗauki kusan minti biyar kafin ta iso inda nake.

"Kin ga akurkin da suka sa ni," in ji ta, tana haki.

Na yi dariya don ta yi, na ce ai gara wannan da faɗuwa. Ta ce haka ne.

Sai a makonnin da suka biyo baya na riƙa ganin abin da yake yi mata. Tafin hannunta ya yi bororo, ya fashe, ya koma kanta. Wuyan hannunta na dama ya kumbura. Kafaɗa da wuya suna hana ta juyawa a kan katifa. Ƙofar banɗaki ta yi masa kaɗan, sai ta karkata shi, ta shiga a gicciye. Abin da ya fi cin ranta kuwa shi ne buta. Hannu biyu duk suna kan ƙarfe, babu wanda zai ɗauki buta. Duk lokacin alwala ko kama ruwa sai ta kira ɗaya daga cikin masu hidima ta riƙo mata, ta biyo ta a baya. Na lura ta rage shan ruwa. Na kai mata zoɓo ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye, da na matsa mata sai ta ce ba ta son yawan kiran 'ya'yan mutane.

Wata Asabar ina can waɗanda suka ba da ƙarafan suka dawo ziyara. Sun zo da shinkafa da sabulu, mutanen kirki ne, sun durƙusa sun gaida kowace tsohuwa. Wata matashiya a cikinsu tana bi gado-gado da waya a hannu tana tambaya. Ta iso wurinmu.

"Inna, yaya ƙarfen? Kina jin daɗinsa?"

"Alhamdu lillahi. Allah ya saka muku da alheri, ya ba ku masu yi muku."

"Babu inda yake damun ki?"

"Babu ko ɗaya, 'yar nan."

Ta tura hannunta mai kumburin ƙarƙashin mayafi tana faɗin haka. Aka ce ta miƙe a ɗauki hoto, ta miƙe, ta riƙe ƙarfen, har da murmushi. Haka na ji sauran tsofaffin ma suna amsawa, ɗaya bayan ɗaya, kowace da addu'arta. Ni ma ina zaune ban ce komai ba.

Da suka tafi na ce, "Inna, me ya sa ba ki gaya musu gaskiya ba? Ai don su gyara suka tambaya."

Ta dube ni kamar yadda take dubana in na yi wauta a jego. "Mutum ya ciyar da ke, ya ba ki wurin kwana, ya kawo miki abu kyauta, sai ki buɗe baki ki ce bai yi ba?" Sannan ta nuna ɗakin da ke kallon nata da leɓe. "Kin ga waccan? Da ƙafarta ta zo. Ta ce nata yana sa ta ciwon baya, aka ɗora ta a keken guragu don ta huta. Yau wata nawa ba ta sake takawa ba. Ni in na yi ƙorafi, keke ne zai biyo baya. Gara in ja akurkina."

Daga nan ta sassauta murya ta ce in roƙar mata Sista ta dawo mata da sandarta, ko da a cikin ɗaki ne kawai.

Na sami Sista a ɗan ofishinta tana jera magunguna. Na shiga da zafina, na ce ana azabtar da tsohuwa da abin da ba nata ba. Ba ta yi fushi ba. Ta ce sanda kam ba za ta bayar ba, ita ta ɗinke goshin nan, ba ta so ta sake. Ta tashi ta kai ni wurin ƙarfen, ta juya shi, ta nuna mini ƙafafunsa. Kowace ƙafa tana da jerin huji da wani ɗan maɓalli da ake dannawa a ƙara tsawo ko a rage.

"Duba, Malama. Yana kan hujin ƙarshe. Don dogayen mutane aka yi shi. Sau biyu ina cewa a nemo mana ƙarami, an ce za a duba. Kuma su da kansu in an tambaye su sai su ce lafiya lau, to wa zai yarda da ni?"

Ina kallon ƙafafun sai dabara ta zo mini. Akwai wani mai walda a bakin titinmu wanda ya yi mana ƙofa da tagogi. Na ce in an yanke kamar taƙi guda daga kowace ƙafa, aka huda sabon huji, aka sa sabuwar roba, ai shi ke nan. Sista ta ce ba ta da wani da za ta ba Inna kafin a dawo da shi, duk na gidan suna hannun masu su.

"Kada ya kwana," in ji ta.

Na ce ba zai kwana ba. Muka auna daga ƙasa zuwa wuyan hannun Inna da igiyar zane, na ƙulla alama. Inna tana ta murna kamar an ce za a ɗinka mata sabon kaya. Na ce mata, "Da la'asar zan dawo miki da shi."

Mai walda ya duba ya ce aiki ne mai sauƙi. Yankan da zarto zai yi, amma hudawar sai da inji, kuma tun safe babu wuta, injin janaretonsa yana wurin gyara. Ya ce in bar shi zuwa gobe. Na yi tunanin in mayar da shi yadda yake, in sake ɗaukowa wani satin. Sai na ga wahalar hawa da sauka da shi a adaidaita, na ce kwana ɗaya ai ba komai. Na kira Sista na gaya mata. Ta ce to, za ta sa a riƙa kama Inna ana kai ta banɗaki, amma gobe lallai.

Lahadi da hantsi mai walda ya kira ni ya ce ya gama. Ina Daurawa a lokacin, gidan bikin 'yar ƙanwar maigidana, an ɗora mini rabon abinci. Daga Daurawa zuwa shagonsa ba wata tafiya ba ce, daga can zuwa Darmanawa ma haka. Da na ce a riƙe mini ludayin na awa ɗaya, da an riƙe. Ban ce ba. Na ce in an watse zan biya. Aka watse dab da magariba, na tarar ya rufe shago. Ban kira Sista ba, don ina jin nauyin abin da za ta ce.

Litinin aka fara jarrabawa a makarantarmu, aka sa ni tsaron aji, wayata a kashe cikin jaka. Na ƙudura ana tashi zan ɗauka in kai. Da na kunna wayar wajen ƙarfe biyu na ga kiran Sista har sau shida.

Abin da ya faru, kamar yadda aka gaya mini daga baya, shi ne: kwana biyun nan Inna ta yi haƙuri, ana kama ta ta hammata ana kai ta ana dawo da ita. Ranar Litinin gab da azahar, mai hidima ɗaya ta tafi kasuwa, ɗayar tana yi wa wata tsohuwa wanka, Sista kuma tana ba da magani a ɗaya ɓangaren. Inna ta kira sau biyu ba a ji ba. Sai ta ɗauki butarta da hannu ɗaya, ta dafa bango da ɗayan, ta kama hanya. Ta kusa isa. A bakin ƙofar banɗakin akwai ɗan ruwa a kan tayil.

Ban san abin da ya sa na fara biyawa wurin mai walda ba kafin in wuce asibitin da aka kai ta. Ina jin ƙafata ce kawai ta bi abin da na tsara tun safe. Ya fito da shi yana alfahari da aikinsa. Ya sa sabuwar roba a ƙafa huɗun, ya goge bakin yankan, har ya lanƙwasa wani ɗan ƙarfe ya ɗaura a gaba, ya ce na rataya buta ne, tunda na ba shi labari. Na yi masa godiya. Haka na shiga asibiti ina rungume da shi, mutane suna matsa mini hanya.

Tana kwance a kan gado, ta ƙara ƙanƙancewa, an ɗaura mata ruwa. Sista tana tsaye a gefe. Na jingine ƙarfen a bango na durƙusa na ce, "Inna, sannu." Ta buɗe ido ta dube ni, ta dubi ƙarfen.

"Kin ce la'asar," in ji ta.

Ba da faɗa ta faɗa ba. Daga nan ta tambaye ni yara, ta tambaya ko an kai amarya lafiya. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya.

Hoto ya nuna ƙashin cinya ne ya karye, can sama wajen ƙugu. Likita ya ce aiki ne maganinsa, amma da shekarunta da yanayin zuciyarta ba ya ba da shawarar a shiga da ita. Matan layinmu suka kawo wani mai ɗori, ya taɓa wurin, ya ce ba inda ake ɗaurewa ba ne. Bayan kwana goma aka mayar da ita Darmanawa, aka kwantar.

Na koma zuwa sau uku a mako. Ina yi mata wanka, ina juya ta, ina shafa mata mai a baya. Duk abin da ta guje wa na kiran 'ya'yan mutane, yanzu shi ne rayuwarta gaba ɗaya, har abin da ya fi riƙon buta. Takan juya fuskarta bango in ana gyara ta. Ƙarfen yana tsaye a ƙarshen gadonta, an rataya tawul a kansa.

Wata rana, bayan kamar wata uku, ta ce mu tsayar da ita, tana so ta ji shi. Sista ta ƙi da farko, Inna ta nace. Muka ɗaga ta mu biyu, nauyinta duk a hannunmu, ƙafar mai ciwon tana reto. Ta ɗora hannuwanta a kan mariƙin. Kafaɗunta suka zauna a inda Allah ya ajiye su, gwiwar hannunta ta ɗan lanƙwashe yadda Sista ta ce ake so. Ta shafa ɗan ƙarfen butar da yatsa.

"Daidai ni," in ji ta. "Wannan mutumin ya iya aiki."

Ba ta kai minti ɗaya ba zufa ta karyo mata, muka kwantar da ita. Wannan ne kaɗai amfanin da ta yi da shi.

Ba a daɗe ba aka kawo wata sabuwar tsohuwa, ita ma gajeriya, wadda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa kaɗan. Sista ta tambaye ni ko za a ba ta ƙarfen. Na ce ba nawa ba ne, a tambayi mai shi. Inna ta ce a ba ta mana, ai ba don rataya tawul aka gyara shi ba. Matar ta karɓe shi hannu biyu. Cikin mako guda tana zuwa banɗaki da kanta, butarta tana lilo a gaba, babu ƙara ko kaɗan. In ta wuce ta ƙofar ɗakin, Inna takan bi ta da ido har ta ɓace. Ni kuma sai in sami abin da zan gyara a kan gado. Da Sista ta ga haka, ta sa aka kira mai waldan ya zo gidan da kayan aikinsa, ya gyara wa mutum uku nasu a tsakar gida, kowace tana zaune tana kallo, kafin azahar an gama.

Inna ta yi wata bakwai a kwance. Bayanta ya yi miki duk da juyin da muke yi, daga baya tari ya kama ƙirjinta. Ta rasu wata Laraba da safe, ina aji. A layinmu aka yi mata sutura, a gidan maƙwabciyar nan da muka taɓa taruwa, mutane kuma sun cika fiye da yadda na zata.

A wurin zaman makoki mata suka yi ta sa mini albarka. Ana cewa ni kaɗai na riƙe amana, ko 'yar cikinta iyakar abin da za ta yi ke nan. Sun san ta faɗi, ba su san dalili ba. Sista ta zo gaisuwa, tana zaune tana ji. Da na raka ta bakin titi na ce mata na kasa haɗa ido da ita. Ta ce, "Ni ma ai da yardata kika ɗauka. Kuma ni ce ban ji kiranta ba." Muka tsaya har adaidaita ta zo.

Maigidana kaɗai na gaya wa a lokacin. Ya ce ƙaddara ce, kwananta ne ya ƙare, niyyata kuma alheri ce. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa shakka ba. Amma na san inda nake ranar Lahadin nan, na san abin da ke hannuna, na kuma san tsawon hanyar.

Sai bara na faɗa wa matan layin. Muna zaune a wani gidan rasuwa, hira ta biyo ta kan Inna, wata ta sake ɗauko yabon nan. Na ce su dakata, na ba su labarin tun daga Asabar har Litinin, ban rage komai ba. Wata dattijuwa ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, aka ce amin. Maƙwabciyar da muka taru a gidanta ta sunkuyar da kai ta ce, "Ke ai kin je ma. Ni sau ɗaya na taka gidan nan." Can aka shigo da kwanukan abinci, aka fara neman inda za a ajiye su, maganar ta tsaya a nan.